Sun Tsufa a Gaban Kamara: Damure, Lam, Tallu da Gardamar Masu Sharhi

Bayan la'asar, idan rana ta sassauta a Tabla, a kan hanyar da ta tashi daga Baleyara ta nufi Filinge, dattawa sukan shimfiɗa tabarmi a inuwa. Hirar takan fara da damina, ta biyo ta farashin bisashe a kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, sannan ta faɗa kurmi. A nan take daɗewa. Wannan ya yi dako a Kumasi, wancan ya yi tallan yadi a Abijan, na gefensa ya yi gadi a Ikko. Da wuya mutum ya kai ƙarshen labarinsa wani bai ƙaryata shi ba, a yi dariya, a koma farko. Ana yi da Zabarmanci, a juya Hausa, wani ya jefa kalmar Buzanci ko ta Fillanci, kowa kuma ya gane.

Kowace shekara wurin zama na ƙara yalwa a kan tabarmar, don ana raguwa. Can gefe samari na fada, ga shayi a kan wuta, ga waya a hannu ana kallon fim ɗin Kano ko na Indiya mai fassara. Kamara na aljihun kowannensu, amma bai cika faɗo wa wani a rai ya juya ta wajen tsofaffin ba.

Alhali a Nijar ɗin nan an taɓa ɗaukar irin wannan abota a fim, tun abokan na samari masu tsalle a kan mota har suka koma neman inuwar da za su miƙe ƙafa. An kwashe kusan shekara hamsin ana yi. Masu sharhi a Faris da Balin da Amsadam sun yi ta kai-komo a kan fina-finan, kuma wani babban reshe na gardamar saiwarsa na nan ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge.

Daga Ayoru zuwa Kumasi

Jean Rouch, Bafaranshe haifaffen Faris a 1917, ya iso Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji. A nan ya haɗu da wani matashi ɗan Sarkawa, masuntan kogin Kwara, mai suna Damure Zika. Daga baya Lam Ibrahim Diya ya shigo, Bafillace wanda ya zama direban tafiyar kuma mai dafa mata abinci. Sai Tallu Muzuran, Buzu, ƙaraminsu. Akwai kuma Musa Hamidu mai ɗaukar sauti, wanda ba a cika ganin fuskarsa ba amma kusan duk muryar da aka ji ta bi ta hannunsa.

Fim ɗin da ya fito da su shi ne *Jaguar*. An ɗauke shi a 1954 zuwa 1955, bai fita kasuwa ba sai 1967. Samari uku ne, Damure da Lam da wani masunci Ilo Gawdel, suka tashi daga Ayoru suka nufi Gwal Kwas, wato Gana ta yau, neman kuɗi. Suka ratsa daji har bakin teku, suka yi aiki a Akra, wadda ƴan cirani ke kira Ankara, suka buɗe teburin koli a kasuwar Kumasi, sannan suka dawo gida suka rabar da abin da suka samo cikin ƴan kwanaki. Kamarar wancan zamani ba ta ɗaukar magana, saboda haka daga baya aka zaunar da Damure da Lam suna kallon hotunan suna sharhi da bakinsu, suna tsokanar juna, suna yi wa kansu kirari. Wannan hirar ce ran fim ɗin. Duk dattijon Tagazar ko Kurfai da ya taɓa tafiya biɗa zai gane ta nan take, don ita ce ake yi a kan tabarma.

Suka ci gaba. A *Petit à petit*, wanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960, Damure ya tafi Faris yana tare Turawa a titi yana auna kawunansu da ƙirga haƙoransu, yadda masu binciken Turai suka saba yi wa baƙar fata. A 1974 suka yi *Cocorico Monsieur Poulet*, labarin ƴan kasuwar kaji da wata tsohuwar Citroën da ba ta san gajiya ba sai lalacewa. A wannan fim suka sa hannu da suna guda, Dalarou, daga farkon sunayen Damure da Lam da Rouch. Da aka ƙara Tallu sai ya zama Dalarouta.

Abin da ya fito daga Shikal

Kafin a san su da barkwanci, wani fim ya riga ya shafa wa Rouch tabon da ya bi shi har kabari, kuma asalin abin daga ƙasar Filinge yake. Wajen 1925, a yankin Shikal, wasu sababbin iskoki suka fara hawa kan mutane. Ba irin na bori da aka saba ba ne. Waɗannan suna tafiyar soja, suna sara wa juna, suna ba da umarni kamar Nasara: ga gwamna, ga kumandan, ga kofur, ga likita. Aka kira su Hauka, wasu kuma su ce Babule. Mabiyansu suka bijire wa sarkin Kurfai na lokacin, Gado Namalaya, wanda Faransawa ke mara wa baya. Kumandan na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo da dama daga cikinsu aka tsare, har shi ma iskokin suka mayar da shi ɗaya daga cikinsu da sunan Kumandan Mugu.

Ƴan cirani ne suka kai Hauka kurmi. A can, a wajen birnin Akra, Rouch ya ɗauki bikinsu na shekara a 1954, ya fitar da *Les Maîtres fous*, wato mahaukatan iyayengiji. Fim ne na kusan rabin awa: idanu a juye, kumfa a baki, a yanka kare a ci. Da aka fara nuna shi a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Faris, malamin Rouch da kansa, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke zauren suka ce cin mutunci ne. Hukumomin Ingila suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka, don su ma sun ga kansu a ciki. Duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957.

A 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya wa Rouch ido da ido cewa shi da ire-irensa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Wannan maganar ta zama ma'auni. Duk fim ɗin da Rouch ya yi bayanta, har na tsufansa da abokansa, sai an ɗora shi a kanta an auna.

Furfura ta shigo fim

A farkon shekarun 1990 Rouch ya kai shekara 75, Damure na dab da 70. Nijar ta sha fari na 1973 da na 1984, kuma a 1985 kogin Kwara ya tsaya cik a Yamai, mutane na taka tsakiyarsa da ƙafa. A kan wannan suka gina *Madame L'Eau*, uwargida ruwa ke nan. Damure da Lam da Tallu manoma ne a bakin kogi da fari ya hana su girbi, sai suka tafi Holan su ga yadda ake sa iska ta juya fanka ta ɗebo ruwa, suka dawo da injiniya aka kafa musu irinta. An nuna fim ɗin a bikin Balin na 1993, inda aka ba shi kyautar fim ɗin zaman lafiya.

Yayin da suke wannan aiki, wata kamara na bayansu. Wasu ƴan Holan uku, Steef Meyknecht da Dirk Nijland da Joost Verhey, suka bi su suna ɗauka, suka fitar da fim na gaskiya a 1993 wanda aka fi sani da *Rouch's Gang*, wato gungun Rouch. A zahiri labarin yadda aka yi *Madame L'Eau* ne. Amma abin da ya riƙe shi shi ne abotar mutum biyar da ta haura shekara arba'in: yadda suke shirya fim da baki ba rubutaccen labari, yadda suke musu, yadda kowa ya san lagon ɗan'uwansa. A nan Rouch, wanda ya saba laɓewa bayan kamara, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin da ake kallo.

Bayan nan tsufan ya fito fili har a sunayen fina-finan. Na 1997 sunansa *Moi fatigué debout, moi couché*, ma'ana na gaji da tsayuwa, na kwanta. A ƙarƙashin wani gawo da ya faɗi ake mafarke-mafarken cikinsa. Mutumin Dallol Boso ba ya buƙatar a yi masa bayanin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. A 1998 Jean-André Fieschi ya sake bin su Nijar ya yi *Mosso mosso*. Na ƙarshe na su Rouch, *Le Rêve plus fort que la mort*, mafarki ya fi mutuwa ƙarfi, ya fito a 2002, kuma a daidai wannan tsakani Lam ya riga su gidan gaskiya.

A Ingila an yi wani abu mai kama da wannan: tun 1964 ake komawa ga wasu yara goma sha huɗu duk bayan shekara bakwai, har suka kai 63 a 2019, akasari a hannun Michael Apted. Sai dai can tambaya ake yi musu su amsa. Su Damure kuwa su ke ƙirƙiro labarin, su taka shi, su yi wa mai kamarar dariya.

Aboki ne ko ubangida?

Masu yabo sun fi yawa a jami'o'i da tsakanin ƴan fim na Faransa. Jean-Luc Godard ya yaba fim ɗin Rouch *Moi, un Noir* na 1958, Jacques Rivette kuma ya ɗauki darasi daga doguwar sigar *Petit à petit*. Ba'amurke Paul Stoller, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Songai, ya rubuta littafi a 1992 inda ya kwatanta Rouch da maroƙi mai adana tarihi, sai dai shi da kamara yake yi. A wajen waɗannan, fina-finan tsufa hujja ce. Mai kallon mutane kamar ƙwari, in ji su, ba ya shekara hamsin da mutum huɗu, ba ya barin su sa hannu a fim tare da shi, ba ya barin su mayar da shi abin tsokana.

Masu suka sun kasu biyu. Kashi na farko maganar sana'a suke yi. Suna ganin fina-finan ƙarshe sun saki jiki: ga tsawo, ga maimaita tsofaffin raha, labari na tafiya kamar jakin da ya san hanyar gida, ba mai kora shi. Ko cikin masoyan Rouch, ƙalilan ne za su ajiye *Madame L'Eau* kusa da *Jaguar*. Ana kuma yi musu ƙorafin cewa duniyar maza ce zalla, mace ba ta shigowa sai a matsayin abin sha'awa ko abin barkwanci. Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma tsufa bai gyara shi ba.

Kashi na biyu ya fi nauyi, don tambayar Sembene ce ta dawo da sabuwar riga. Wa ke riƙe da kamara? Wa ke nemo kuɗin? Wa ke zama a ɗakin tace fim a Faris ya yanke abin da za a bari? Wa ake gayyata ya yi jawabi? Amsar duka ɗaya ce. Abota tsakanin wanda ya zo a zamanin mulkin mallaka da takardar injiniya, da waɗanda suka fara a matsayin ma'aikatansa, ba ta rasa ƙanshin gidan ubangida da yaransa, ko da an kai shekara nawa ana cin tuwo a akushi ɗaya. Umaru Ganda, wanda ya fito a *Moi, un Noir* yana ɗan dako a Abijan, bai tsaya a inuwar ba. Ya ɗauki kamara ya ba da labarin zamansa na soja a Indocin da kansa a *Cabascabo*, kuma a 1972 ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu. Manthia Diawara na Mali kuwa juya abin ya yi baki ɗaya: a 1995 ya yi *Rouch in Reverse*, inda ɗan Afirka ke bin Rouch a Faris yana nazarinsa.

Akwai abin da ɓangarorin biyu kan tsallake. Basarke da Bafillace da Buzu a mota ɗaya suna zagin juna cikin raha, wannan ba Rouch ya ƙago shi ba. Wasan taubasai ne, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Mai sharhin da bai san shi ba, ko dai ya ɗauka shirme ne, ko ya ɗauka an mayar da baƙar fata ƴan wasan ban dariya don Turawa su ji daɗi. Wanda ya girma cikinsa zai lura da wani abu dabam: su ukun sun jawo Nasaran cikin wasan, sun ba shi matsayin taubashi, kuma taubashi ana gaya masa abin da ba a iya gaya wa ubangida. Hakan bai goge tambayar kuɗi da kamara ba. Amma ya nuna Damure ba ɗan rakiya ba ne. Ma'aikacin lafiya ne da ya buɗe wurin shan magani a unguwar Lamorde ta Yamai, kuma littafin tafiye-tafiyen da ya rubuta da hannunsa an buga shi a Faransa.

Sakin jikin da ake kushewa ma, wanda ya taɓa zama da dattawa bayan la'asar zai yi masa uzuri. Haka hirar take tafiya. Labarin da aka ba da sau ɗari ba don sabon abu ake sake shi ba, don a tabbatar waɗanda suka san shi suna nan ne.

Sharhin masunta

Sharhi mafi amfani da aka taɓa yi wa Rouch bai fito a jarida ba. A 1954 ya kai fim ɗinsa na farautar dorina, *Bataille sur le grand fleuve*, Ayoru, ya rataya farin ƙyalle ya nuna wa masuntan da ke cikinsa. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka ce akwai kuskure. Ya sa kiɗa a lokacin farauta, alhali dorina na da kunne, in ta ji kiɗa guduwa za ta yi. Rouch ya cire kiɗan. A wannan zama ne kuma maganar yin *Jaguar* ta taso daga bakin Damure. Rouch ya riƙa ba da wannan labari har ƙarshen rayuwarsa a matsayin mafarin abin da ya kira binciken da ake yi tare da masu shi.

To, ina irin wannan zama ga fina-finan tsufa, ko ga na Hauka a ƙasar da Hauka ta fito? Akasarin maganar cikinsu Faransanci ce. Asalin faya-fayan na ajiye a Faransa. Tsofaffin gidajen silima na Yamai sun rufe ɗaya bayan ɗaya, kuma matsalar tsaro da ta addabi jihar Tilaberi ta sa tara jama'a da dare a fili, a Filinge ko Bonkuku ko Damana, ba ƙaramin abu ba ne. Sakamakon shi ne ɗalibi a Amurka ya fi jikan mai Babule na Shikal sauƙin ganin *Les Maîtres fous*, ya kuma rubuta ra'ayinsa a kai. Wayar da ke hannun samarin fada za ta iya ɗaukar fina-finan nan duka. Abin da ya rage shi ne mai fassara su da Hausa da Zabarmanci, yadda ake yi wa na Indiya.

Waɗanda suka karɓi kamarar

Ƴan Nijar ba su jira ba. A 2004 Rahamatu Keita ta fitar da *Al'lèèssi*, a kan Zalika Sule, tauraruwar da ta fito a fim ɗin kaboyi na Mustafa Alasan, *Le Retour d'un aventurier*, a 1966. Shi ma fim ne na abokan aiki da suka tsufa, sai dai babu fankar Holan a cikinsa. Akwai talauci, da mantuwar hukuma, da mace da jama'a suka kasa bambance ta da rawar da ta taka. An nuna shi a bikin Kan na Faransa a 2005. Duk mai son sanin abin da fina-finan Dalarouta suka kauda kai daga gare shi, a nan zai gan shi.

Sani Magori, ɗan Galmi, ya ɗauko zaren *Jaguar* ta ɗaya bakin. A *Koukan Kourcia*, kukan kurciya, ya nemo zabiya Husai, wadda waƙoƙinta suka zuga samari tafiya kurmi shekaru da dama da suka wuce, ya kai ta Abijan tana tsohuwa don ta kira su gida, cikinsu har da mahaifinsa. Da Hausa ake magana a fim ɗin. Ƴan ciranin da Rouch ya nuna suna dawowa da tabarau da taƙama bayan wata uku, Magori ya nuna waɗanda ba su dawo ba har furfura ta cim musu.

Hanyar Ƙonni

A watan Fabrairu na 2004 Rouch ya zo Nijar don wani bikin tuna fina-finan ƙasar. Daren 18 ga wata, a kan hanyar Tawa, motarsu ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Ya rasu yana da shekara 86. Damure na cikin motar, haka ma Mustafa Alasan da matar Rouch, su kuma suka tsira. A Yamai aka binne shi. Damure ya bi shi a watan Afrilu na 2009.

Cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ke Yamai ta ɗauki sunan Jean Rouch shekaru masu yawa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ɓacin dangantaka da Faransa, cibiyar ta daina zama ta ƙasashen biyu, aka sauke sunansa. Sunan da aka ɗora a madadinsa na Mustafa Alasan ne, wanda ya rasu a 2015, wanda ya fara koyon aikin fim a kusa da Rouch a farkon shekarun 1960, wanda kuma ke zaune a mota ɗaya da shi a wancan dare na hanyar Ƙonni.